Kwalbar Aji Ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar nan?

Yaya, ajina ya zama gidan ƙwari! Ina koya wa 'yan aji ɗaya halittu marasa ƙashin baya. Mun taɓa tana, mun bi sawun dodon-koɗi da alli. Yanzu tsutsa biyar muke kiwo a babbar kwalba, bakinta rufe da gidan sauro. Kullum yara su kawo ganye, su zana abin da suka gani, su rubuta sunansu a ƙasa. Duka biyar sun rufe kansu a ƙwanso. Na yi wa yara alkawari da idonsu za su ga malam-buɗe-littafi ya fito.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni kam jiki lafiya, zuciya babu daɗi.

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Na bar kwalbar da zanen yara a hannun Malamar aji biyu, aminiyar nan tawa da muke cin abinci a kwano ɗaya shekara shida. Roƙona ɗaya: in ƙwanso ya fara motsi, ta kai wa yarana su gani.

Ran Alhamis masu duba makarantu suka zo, ran nan kuma ƙwanson duka biyar suka fashe. Ba ta kai ba. Ta ɗora kwalbar a teburinta, ta sa almakashi ta yanke sunayen yarana daga zanen, ta manna a bangonta. A gaban baƙi 'yan ajinta suka saki malam-buɗe-littafi ta taga. Yarana suna zaune bango ɗaya tsakani, suna jin tafi, ba su san na mene ne ba.

Da na dawo ta miƙo mini kwalbar a wanke tas, wai ai duk makaranta ɗaya ce. Ko ɓawon ƙwanson ba ta bar mana mu duba ba. Wallahi, Yaya, da wata ce da na haƙura. Amma ita! Hannun da ya shafa mini goshi ran Talata da ta zo duba ni, shi ya riƙe almakashi.

Jiya na ce mu nemo wasu tsutsotsin mu sake. Yau na jira har aka tashi, ko yaro ɗaya bai kawo ganye ba.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta