Bangon Ɗakin Habu

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigidan, ya yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gumel lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Maganar ƙaninmu Habu ce. Tun hatsarin nan na hanyar Maigatari kin san ya daina magana. Likitar ƙwaƙwalwa ta ce a ba shi fenti, abin da baki ya kasa faɗa hannu zai fitar. Sai ya kama zane a bangon ɗakinsa, ba mutum ba dabba, da'ira cikin da'ira kamar zayyanar allo, baƙi a waje, tsakiyar fari fat. Na tambaye shi mene ne wannan, sai ga shi ya buɗe baki ya ce, "Ni ne, Binta. Ina harhaɗa kaina." Wallahi har ya fara cin abinci, ya koma masallaci.

Ranar Juma'a Kawu Isa ya zo daga Gagarawa, ya leƙa ɗakin, ya ce hatimin bokaye ne. Ni da Habu muna asibiti, Kawu ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa. Da na yi magana ya ce, "Ke za ki koya mini addini?"

Habu bai yi kuka ba. Tun ranar dai ko ni ba ya kulawa.

Yaya, ke Kawu yake jin nauyi, ki kira shi, ni na gaji. Ki sa Habu a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Binta