'Yan Tsakin da Inna Ta Zaɓa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya tarin ƙaramar, ya sake ta? Mu nan sai godiya.

Inna ta ce in gaya miki ta daina cigiyarki tunda kin mayar da mu mutanen wasiƙa. Kada ki yarda, ko jiya sau biyu ta kira ni da sunanki.

Har yanzu matan unguwa ba su bar ta ta huta ba. Duk wadda kazarta ta ƙyanƙyashe, sai ta kwaso 'yan tsakin a kwali ta dire a ƙofar ɗakinta, a ware mata maza da mata. Kin dai san aikin Inna. Ta buɗe fiffike, in gashin ya fito dogo da gajere ta ce mace, in ya jeru kai ɗaya ta ce namiji, ta duba kaurin ƙafa, shi ke nan. Tun muna yara ban taɓa jin ta kuskure ba.

Makon jiya matar tela ta kawo ashirin, ta ce Inna ta ɗebi goma. Ta zaɓa, ta ce duk mata ne, ƙwansu na jikokinta ne in kun zo. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Da, bakin ƙofa take fitowa inda akwai haske. Ranar a gefen gado ta zauna tana shafa su da yatsa, fuskarta na kallon bango. Na ce ko in ɗaga labule, ta ce in ɗaga ƙafata dai in ba ta wuri. Tsufa ne kawai, kada ki sa shi a ranki.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki gafarce ni, wata biyu ban rubuto ba, kunyar abin da zan faɗa ce ta hana ni.

Bakwai daga cikin goman nan zakaru ne. Zankonsu ya yi ja, ƙafafu kamar taɓare, wuni suke suna dambe a akurki. Matar tela ta shigo tana dariya, wai Inna ta bar mata matan ta kwashi mazan. Na ja ta bayan ɗaki na roƙe ta don Allah a bar kaza cikin gashinta.

Kafin su fara cara na kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya, na musanyo 'yan matan kaji masu irin launinsu. Kwalin da duk aka kawo kuma, in Inna ta gama na faki idonta na sake warewa da ɗan abin da na koya.

Na san za ki yi faɗa. Amma tun rasuwar Baba wa yake sallama a ƙofarta in ba masu kwali ba? In suka daina zuwa, me ya rage mata? Ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi na yi maganar asibiti, ta ce ai ba ta makance ba, wa ya ware kajin da ke tsakar gida? Ni kuwa na ba ta wannan hujjar da hannuna. Zan lallaɓa ta a hankali. Kada ki taɓo zancen in kin rubuto mata.

Ki gaishe da maigidan.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu jikinmu lau, zuciya ce ba lau ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Talata wata kaza ta fara ƙwai, Inna ta ce a miƙo mata ita ta ji nauyinta. Ta shafa bayanta, ta gangara ƙafa, sai hannunta ya tsaya. Ashe duk tsakon da ta ɗauka nata, tana datse masa farcen ƙaramin yatsa tun yana jariri. Shekara talatin ina gidan nan ban sani ba. Ta sa na kamo mata sauran, ta bi su ɗaya ɗaya. Uku ne kawai nata.

Ba ta zage ni ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tambaya ina sauran, na faɗa mata gaskiya. Ta maimaita bakwai ɗin a hankali, sannan ta ce in ɗauko mata mayafinta mu je asibiti.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu saura ɗan kaɗan. Ya ce da an kawo ta watannin baya, da maganin ɗigawa ya tare shi. Wata shida, Yaya. Wata shida ina rufa-rufa da zancen zakaru, idon uwata yana mutuwa a ɗaki.

Likitan ya kalle ni ya ce yaushe muka fara lura. Na buɗe baki ke nan Inna ta riƙe mini hannu, ta ce yarinyar nan ba ta san komai ba, ita ta ɓoye mata. A gabansa na fashe da kuka, ita ke ba ni haƙuri.

Ban rubuto don ki yafe mini ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. Likita bai yi mana alkawarin idon hagun zai kai ko wata uku yana gani ba. Ki ajiye duk abin da kike yi ki taho da yaran. Ƙaramar da kika haifa a can Inna ba ta taɓa ganinta ba, kuma ta ce ba ta so ta san fuskarta da yatsa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Auta