Agogon Kwamfuta Ya So Ya Kunyata Ni

Daren Laraba, Mabera

Alhamdu lillahi, sakamakon ɗalibanmu ya shiga kafin a rufe shafin intanet da ake aika shi. Tun hantsi shirin kwamfutar da na rubuta ke aikawa, saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙon a can, tana korowa. Na duba mabuɗin sirrin da ke saman saƙon har idona ya yi ja, lafiyarsa lau.

Da la'asar Malama Rifkatu mai koyar da lissafi ta leƙo, ta ce, "Malam Bello, ai kwamfutar ga shekarar bara take nunawa."

Ashe batirin agogon kwamfutar ya mutu, alhali kowane saƙo da lokacinsa yake tafiya, saba kuwa ba ta karɓar mai tsohon lokaci. Ina gyara kwanan watan, saƙon ya wuce.

Matar da kullum nake hana ta taɓa mani kwamfuta! Gobe da kilishinta na tukuici zan tafi makaranta.