Takalman da ka aiko wa Baba

Dogarawa, bayan kaka, 1969

Zuwa ga ƙanena Rabi'u, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da iyalinka. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, Ladi ta sauka an sami mace, Inna kuwa ban da ciwon gwiwa ba abin da ke damunta. Mushen lakwal, malamin makarantar boko, shi ke rubuta mini, na ce masa kada ya rage ko kalma guda, ko da ta yi zafi.

Rabi'u, raina a ɓace yake da kai. Ka san tun rasuwar Kaka, Baba ya ɗauki alwashin zuwa Makka da ƙafa, kamar yadda ubansa ya yi niyya bai samu ba. Abin da ba ka sani ba, don kana can buro kan kujerar aikin gwamnati, shi ne irin wahalar da ya sha wajen shiri. Tun faɗuwar ruwan fari ya karɓi jakar baya wurin Jaje tsohon soja, yana cika ta da duwatsu, ya goya, ya taka har Malbaza ya dawo kafin ya shiga gona. Mutanen gari ba su taɓa ganin namiji da kaya a baya ba, sai suka sa masa Mai Goyo, mata na tambayarsa ko yaron ya sha nono. Bai kula su ba. Da ƙafa ta saba ya koma zuwa Tajaye. Ya koya wa cikinsa haƙuri da gumba kaɗan da kurɓin ruwa. Kullum da la'asar ni nake daka masa gabaruwa, in jiƙa a kwatarniya, ya tsoma ƙafafunsa kamar fatar da ake jima, har tafin ya yi tauri, ƙaya ta daina shiga. Takalminsa na taya kuwa ya bi da shi har ya ɗauki siffar ƙafarsa.

Madugu Mumuni, mai jan ayarin bana, ya ce ba ya ɗaukar tsoho sai ya gwada shi: a tashi daga nan da cikakken kaya a kai Konni, a kwana a dawo. Ana jibi gwajin sai ga Inusa direban motar siminti da ƙunshinka, takalma sau-ciki baƙaƙe suna walƙiya, da saƙon baki wai kunya kake ji a ce uban ma'aikacin gwamnati zai ratsa Damagaram da tayar mota a ƙafa. Kunya! Da tayar nan ya yi noman da ya kai ka lakwal, lokacin ba ka ji kunyar tuwon ba. Na roƙe shi ya ajiye su, Jaje ma ya ce ko soja ba ya fita tafiya da sabon takalmi. Baba ya ce ɗansa bai taɓa aiko masa da abin sawa ba sai yau, ba zai bari Inusa ya koma ya ce an ƙi ba.

Garin neman gira aka rasa ido. Gabaruwa ta taurara tafi, amma ba ta san dunduniya da bayan yatsu ba, nan takalmanka suka ci. Kafin su yi rabin hanya duk ya yi bororo, bororon ya fashe, ya ƙi cirewa don kada a yi da kai. A kan jakin wani Bafillace aka dawo mana da shi, sai da na jiƙa takalman da ruwan ɗumi kafin suka rabu da fata. Madugu ya duba, ya ce a yi haƙuri sai baɗi. Wane baɗi ga mutumin da haƙoransa suka ƙare? Ranar da ayari ya tashi yana zaune bakin zaure, ƙafa naɗe da tsumma, yana yi musu addu'a. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma wallahi da kana kusa da ka sha mari.

Ko sau ɗaya bai ambace ka da mugun baki ba. Miki na fara kamewa, shekaranjiya bayan sallar asuba ya ɗauki jakarsa ya bi sawunsu shi kaɗai, ya ce in ya matsa zai cim musu kafin su bar Damagaram. Takalmin taya ne a ƙafarsa. Naka kuwa ya goge su da man shanu ya sa a jaka, wai ranar da zai shiga Madina zai sa, don Annabi ya ga yana da ɗa. Jakar ba ta ɗauki komai da komai ba, sai da ya fidda abu guda. Bayan tafiyarsa na tarar da bargonsa ninke a kan gado, ga ɗari ya fara.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na rubuto maimakon in yi shiru. Takardar nan za ta riga shi isowa. Ka fita hanyar Tasawa ka tare shi. Kada ka ce ya koma, ba zai koma ba, kuma kada ka raba shi da takalman da ka aiko, za ka karya masa zuciya. Ka durƙusa gaban 'yan buron naka ka wanke masa ƙafa da hannunka, ka roƙi Madugu ya karɓe shi.

Inna na gaishe ka, ba ta san na rubuta wannan ba. Ka gaida Gimbiya da yara, da Kawu Chindo in kun haɗu. Ga bargon nan na ba Inusa tare da takardar. Ka san yadda za ka yi ya shiga jakar.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Tsahara