Asabar ɗin Goggo

Litinin, 3 ga Maris
Goggo, matar da muka ɗauka tana jinyar Mama tun da ɓarin jikinta ya shanye, ta tare ni a bakin kicin da takarda a hannu. Wai a ƙungiyarsu ta masu aikin gida aka rubuta musu. Hutun kwana ɗaya a mako, in sa hannu. Na ce ai mu kamar 'yar gida muka ɗauke ta. Ta ce, “Haka ne, ranki ya daɗe. Asabar nake so.” Na ajiye takardar a kan firij.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kira Yaya. Ya ce in sallame ta, masu neman aiki sun yi yawa. Shi da rabonsa da ɗakin Mama tun watan jiya.

Asabar, 8 ga Maris
Goggo ta tafi da sassafe, ban ce e ba, ban ce a'a ba. 'Yarta ce ta haihu.
Na ɗauka abin bai wuce ba da abinci da magani ba. Ashe duk bayan awa biyu ake juya Mama, in ba haka ba bayanta ya yi gyambo. Wajen ɗaga ta zuwa banɗaki saura kaɗan mu faɗi tare. Ta ƙi buɗe baki, sai daga baya na gane cokalin ne ya yi mata girma. Da na zo canza mata zane ta kawar da kai, ta ce, “Kira min Goggo.” Kunyata take ji. Ni da ta haifa.
Shekara shida ke nan Goggo na wannan aikin. Ban taɓa tambayar wa yake juya ta in ina ofis ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ta dawo. Ta duba bayan Mama kafin ta gaishe ni. Jikan namiji ne.

Laraba, 12 ga Maris
Ƙuguna har yanzu ciwo yake.

Juma'a, 14 ga Maris
Na sa hannu. Ba don komai ba, samun wadda Mama za ta yarda da ita wahala ne, shi ke nan. Goggo ta karanta a hankali, ta ninke, ba ta yi godiya ba. Na jira, sannan na rasa godiyar me nake jira.
Gobe ni ce. Na ce ta nuna min yadda ake ɗagawa ba tare da an ji ciwo ba, ta nuna min sau uku.
Na aika wa Yaya saƙo cewa Asabar ta sama tasa ce. Ya gani, bai amsa ba. Na sake aikawa.