Takalman Cocin Baba

Lahadi, 7 ga Afrilu
Sun sake yi mini. Ina wanka ƙararrawar cocin nan na tsallaken titi ta tashi, kafin in fito Baba ya sa takalman cocinsa ya fice. Maƙwabciyarmu Suweiba ce ta tsinto shi a titin 125th Street, yana tambayar masu sayar da turare hanyar Pankshin, can gida. Mutumin da sunana ma ɓace masa yake yi, amma da ya ji ƙarar ƙarfe sai ya miƙe. Tun yana saurayi shi ke buga wa cocin ƙauyenmu ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. A tunaninsa ya makara, wani ya riga shi. Na tsani hasumiyar cocin nan.

Laraba, 10 ga Afrilu
Na ɓoye takalman a saman kabad.

Lahadi, 14 ga Afrilu
A bakin ƙofar ƙasa na kamo shi, ƙafa ba takalmi. Yaya Dina ta kira daga Texas: "Nendirmwa, in ya ƙara fita, gidan tsofaffi za mu kai shi." Daga nesa kowa gwani ne. Ba inda za a kai mini uba saboda wasu ƙarafa.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Na je cocin da faɗana. Ashe mai bugawar wata tsohuwa ce, Madam Elisabet, 'yar firit da ita, da murmushin da ya ƙara ƙona mini rai. Maimakon ta ba ni haƙuri sai ta ja ni sama, hawa kamar ba za a kai ba. Wai abin sunansa karilon. Ƙararrawa sama da arba'in na tagulla, a Ingila aka ƙera su kusan shekara ɗari da suka wuce, aka kawo su ta jirgin ruwa. To, ni ina ruwana? Babbar ta kai ƙaramar mota. Ba lilo suke yi ba, a kafe suke, ƙarfen cikinsu ne waya ke fizga. Ita tana zaune gaban wasu sanduna jere, tana dukansu da dunƙulen hannu, manyan kuma ta taka da ƙafa. Har ta nuna mini kantar da ke ƙaramin yatsanta, kamar lambar yabo.
Na ce a rage ƙarar. Wai ba rediyo ba ce, ba ta da abin murɗawa. Na gaya mata zancen Baba. Sai ta ce in kawo shi ya gani. Ji mace! Na sauko ko sallama ban yi mata ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Na kulle ƙofa, na zauna a jikinta har suka gama haukansu. Baba ya kira ni arniya. Ni da ya koya wa Addu'ar Ubangiji.

Juma'a, 26 ga Afrilu
Allah ya ji kukana! Suweiba ta ce an rufe hasumiyar, wayoyin sun yi tsatsa, za a sake su. Su yi ta gyara har tashin duniya.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Tsit. Na yi barci har rana ta ɗaga. Baba ma bai tashi ba.

Lahadi, 5 ga Mayu
Tun wancan makon bai nemi wanka ba, bai nemi aski ba. Da, ranar Asabar da kansa yake lalubo farar rigarsa. Gwaten da na dama masa ya sandare a kwano. Yau ya ce, "Yarinya, Lahadi ba ta zuwa garin nan ne?" Na ce yau ce, Baba. Ya kasa kunne, ya daɗe, sannan ya juya ya fuskanci bango.
Na ɗauko murfin tukunya na buga da ludayi. Ko motsi. Ya san ƙarfe, ba a yi masa wayo.

Asabar, 11 ga Mayu
Na biya ta cocin, hanya ce kawai ta bi da ni. Matar tana nan da murmushinta. Wai gobe za su gwada manyan ƙararrawar, ƙarfe goma da rabi. Ban tambaye ta ba, kusan ita ta fara faɗa mini. Har yanzu haushinta nake ji, da ita da tagullarta.
Na sauko da takalman, don ƙura ta yi musu yawa. Tunda na riga na goge, na ajiye su a gaban gadonsa. Nawa suna kusa da su.