Jakar da Ka Aiko Mini Tasha

Zuwa ga taubashina Mamman, a Gusau.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali, ina fata kana nan ƙalau kamar yadda masu ganinka suke ba ni labari.

Shekara biyu ke nan da na fara jin wata magana a kasuwar Anka, wai ka daina saukar da mutanen gida. Wani mai sayar da buhuna ne ya faɗa, na ce masa ya ji tsoron Allah. Daga baya wata tsohuwa 'yar Gummi ta maimaita a cikin mota, na ce wataƙila ta ɓata gida ne, birni ba ƙauye ba ne. Ka ga lauyan da ka samu kyauta.

Da likita ya ce a kankare mini yanar ido, ban yi wani shiri ba. Na sa riga biyu a leda, na buga maka waya, ka ce Allah Ya kawo ni lafiya. Inna ta sha faɗa mana, mai ɗan'uwa birni ba shi ɗaukar tabarma.

Na sauka tasha da hantsi ina ta leƙen fuskoki da idona guda. Sai ga direbanka da wata 'yar jaka baƙa, ba ta fi tafin hannu ba. Ya ce kana taro, ya miƙo, ya juya.

Na samu benci na zauna na buɗe. Mamman, ka iya zaɓe, wannan ba zan hana ka ba. Ga 'yar tocila, don ka san yadda nake tuntuɓe. Ga allura da zare a soke jikin kwali, da fil guda uku, don ka tuna aljihuna bai taɓa zama lafiya ba. Ga reza, ga wayar caji daidai bakin wayata, ga ƙwayar ciwon kai, ga garin gishiri da suga saboda cikina da ba ya shiri da ruwan baƙon wuri. Har man zafi ka sa, irin wanda nake shafa wa gwiwa. Ina fiddawa ina murmushi, ina cewa a raina ina ma mai buhunan nan yana kusa.

A can ƙasa na taɓo wani abu mai nauyi. Ɗan kwaɗon kulle ɗaki ne, da makulli biyu. Na daɗe ina juya shi a hannu. Wa ke kulle ɗaki a gidan ɗan'uwansa?

Ka tuna shekarun da ka yi a gidanmu kana makaranta? Ɗakinmu ko ƙyaure ba shi da shi, asabari ne. Bargo ɗaya, kullum kai ke janyewa. Inna tana ƙulle abubuwanta a bakin zane, 'yar kanwa, allura, ƙwarar ashana, kuma duk ranar da ta kwance ƙullin nan kai take fara dubawa, wai kai ne baƙo. Ni ɗan cikinta sai in jira.

Ban ce ba ka da dalili ba. Tun da ƙauyuka suka fara watsewa, na san ƙofarka ba ta huta ba. Da ka ce mini, Bawa, gida ya cika, wallahi da na yi maka ba'a na nemi wani wuri. Wasan taubasai ya ɗauki abin da ya fi wannan. Abin da ya tsaya mini shi ne zaman da ka yi ka tuno ni tun daga ido har gwiwa, ka haɗa mini duk abin da zai sa kada in buƙace ka.

An yi aikin, ido ya buɗe, alhamdulillahi. Wata mai zuwa za a yi na ɗaya idon, kuma da jakar zan zo, ta yi mini rana. Na ƙara mata goro da lambar 'yata a takarda. Kwaɗon ma na bar shi a ciki, yana da kyau. Kada ka wahalar da direba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya zuriyarka, Ya sa kada ka taɓa sauka wata tasha kana leƙen fuskoki. Allah Ya jiƙan Inna, da ba ta ga wannan ba.

Maganar nan ta kasuwar Anka kuwa na daina musunta ta. Akwai wata 'yar takarda naɗe da kwaɗon, da sunan masauki da kwatancen hanya. A ranar ban ba kowa ya karanta mini ba, da idona mai dama-dama na bi ta a hankali. Rubutun hannunka ne, wanda muka koya a kan benci ɗaya, ba ya ɓace mini. Mai buhuna ya faɗa, tsohuwa ta faɗa, na ƙarshe kai ne, Mamman.

Naka,
Bawa, daga Anka.